Tumatirina ya ƙi 'ya'ya, akuya ta cinye sauran, maƙwabta kuma sun sa ni a gaba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a gidan haya a Kurna cikin Kano. Mu huɗu muke haɗa tsakar gida, kuma an shafe ta da siminti. Tsadar kayan miya ce ta ishe ni, ga shi ina yawan ganin mata a Facebook suna nuna tumatir a bokiti ya yi 'ya'ya har reshe yana rinjaya. Sai na tara bokitan fenti shida, na ɗebo ƙasa a bayan layinmu, na shuka tumatir a huɗu, tattasai a ɗaya, na sayi fulawa na dasa a ɗayan. A farkon watan Maris ne. Tumatirin ya tashi ya yi fure, amma furen sai ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Maigidana kullum sai ya yi mini ba'a, wai tumatirina ƙarya ne, fure yake ba ya 'ya'ya, kuma kuɗin ruwan da nake ba 'yan garuwa ya isa ya sayi kwando guda. Ana cikin haka, ranar da na tafi Islamiyya akuyar maƙwabciyata ta kwance ta cinye tattasan da fulawar ƙarƙaf. Raina ya ɓaci na gaya mata magana, ga ta dattijuwa, yau sati uku ko gaisuwa ba ma yi. Ɗaya maƙwabciyar kuma ta ce shukata ce ke tara mana sauro, za ta kai ƙarata wajen mai gidan. Ga damina ta kawo kai. Anti, in haƙura ne in zubar da bokitan? Wallahi ina son in buɗe ƙofa da safe in ga kore.

Ƙanwarki daga Kurna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki zubar da bokitan. Tumatirin dai ki tuge shi, ba zai ƙara tsinana miki komai ba, amma bokitan akwai aikinsu.

Abin da ya sami tumatirinki ba rashin sa'ar hannu ba ne, ba kuma baki ko ido ba ne, kafin wata ta zo ta gaya miki haka. Lokaci kika saɓa. Tumatir yana son rana, amma ba ya jure zafin bazara. A cikin kowane fure akwai wani gari mai ruwan ɗorawa, shi ke yin barbara har ɗa ya ƙullu. Da zarar zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin nan lalacewa yake, sai furen ya bushe daga wuya ya faɗi. Ke kuwa kin shuka a farkon Maris, ke nan furenki ya buɗe a Afrilu, watan da zafin Kano ke kai digiri 40 har ya wuce. Ki haɗa da simintin tsakar gida da ke shan rana tun hantsi yana amayar da ita har bayan isha'i, da bokitin roba da ke gasa saiwa. Ko manomin Kadawa aka ba wannan wuri a wannan wata, abin da kika girba shi zai girba.

Ki lura da su manoman. Na Kadawa da Kura da Garun Malam ruwan madatsar Tiga suke sha, amma duk da haka jira suke damina ta ja baya su zuba iri, wajen Satumba zuwa Nuwamba, don tumatir ya yi furensa cikin sanyin hunturu. Shi ya sa daga Janairu zuwa Maris kwanduna ke cika 'Yankaba ana neman mai saye, daga Mayu kuma tumatir ya zama sai wane da wane. Matan da kike gani a waya kuwa, da yawansu a ƙasashe masu sanyi suke, ko a wuri irin Jos, kuma ba wadda ke ɗaukar hoton bokitin da ya mutu.

Maigidanki ba'arsa ba ta yi daɗi ba, amma lissafinsa daidai ne, gara ki ji daga bakina. Gindin tumatir ɗaya a bokiti, idan ya yi kyau ƙwarai, kilo biyu ko uku zai ba ki duk rayuwarsa, bayan ya sha wata uku yana shan ruwa. Da zafi kowane bokiti yana neman lita biyu zuwa uku a rana, bokiti shida sun tashi fiye da rabin jarka ke nan kullum. Abin da ya fi ciwo ma, idan kin shuka shi a lokacin da ya dace, zai nuna ne daidai lokacin da tumatir ya fi araha a kasuwa. Mai 'ya'ya uku da ke ɗora miya kullum ba za ta taɓa rufe kuɗin tumatir da bokiti huɗu ba.

Ganye ne abin da ƙaramin wuri yake biya. Alayyahu, yakuwa, lalo, rama, zogale, lawashi, na'ana'a, ɗaɗɗoya. Su ne abin da kike aika yaro ya sayo ɗauri ɗaya kullum, ya kawo ya yanƙwane, rabinsa ki zubar. Ba sa jiran fure balle zafi ya zubar da shi, ba sa neman zurfin ƙasa in ban da zogale, kuma idan kin yanka sake tohowa suke. Duk wadda ta rubuto mini tana son fara lambu a gida, da ganye nake cewa ta fara, kuma mafi yawansu da tumatir suke farawa, don shi ne mai kyau a hoto.

Amma kafin ki sake zuba ƙwayar iri ɗaya, akwai aikin da ya fi shuka gaggawa. Ki je ki gaida dattijuwar nan, yau ba gobe ba. Ke ɗalibar Islamiyya ce, kin san bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafi alherinsu. Ku kun yi sati uku, a gida ɗaya, kuna haɗa banɗaki da igiyar shanya. Ga shi ta girme ki; ko laifin nata ne duka, ke ce za ki taka ki je. Balle ma ba nata ba ne ita kaɗai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa raƙumar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana wuyan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Hukunci ne na gona da makiyaya. Tsakar gidan haya ta kowa ce, kuma ya kamata mai akuya ta tsare abarta a turke. To amma ki duba naki ɓangaren. Da rana tsaka aka yi ɓarnar, kin ajiye ɗanyen ganye a ƙasa a gidan da ake kiwo, ba shinge ba komai, kin ja ƙofa kin tafi. Wace akuya ce za ta ga wannan ta kau da kai?

Idan kin je kada ki ɗauko zancen tattasai, kada ki ce "amma ke ma". Ki durƙusa ki ce, "Iya, na zo ba ki haƙuri, raina ne ya ɓaci na faɗi abin da bai kamata ba." Ki tsaya nan. Bayan kwana biyu, idan fuska ta saki, ki roƙe ta ta riƙa bar miki kashin akuyar idan ta yi shara, ke kuma ɓawon kayan miya da karan alayyahu da ruwan tsamin hatsi ki riƙa kai wa akuyar da hannunki. A nan ne za ki iya cewa, "Iya, ranar da zan tafi makaranta a taimaka a ƙara ɗaure ta." Takin da za ki samu a wajenta ya fi tattasan da aka cinye daraja nesa ba kusa ba. Kuma farkon alayyahun da kika yanka, ki raba wa ɗakunan nan uku kafin ki sa a tukunyarki. Wanda ke ci daga lambu shi ke korar kaza idan ba kya nan.

Duk da haka ki kare shukarki, don igiya tana tsinkewa. Tsohon benci ko katako a kan bulo zai ɗaga bokitan daga kaji, amma akuya miƙewa take da ƙafa biyu, saboda haka sai an kewaye. Sanda huɗu da ragar kaji sun isa. In babu, tsohon gidan sauro da ya yage ya daina amfani, a wanke shi a ɗaura a jikin sandunan. Yana tare ƙadangaru ma, waɗanda ke cin tsiro tun yana kunne biyu. Gidan sauron da yara ke kwana a ciki dai kada a taɓa shi saboda alayyahu.

Maƙwabciyar da ke maganar sauro ita ma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba, uwa ce mai tsoron zazzaɓi. Sauro ba ya haihuwa a ganye ko a ƙasa mai laima, a ruwan da ya kwanta yake zuba ƙwai, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Idan bokitanki ba su da huda, ko kin sa musu faranti a ƙasa yana tara ruwa, ko kina ajiye ruwan ban-ruwa a buɗe, to tana da gaskiya. Ki gyara wannan, ki kira ta ta gani da idonta: ba ruwan da ke kwana, robar ajiya a rufe. Ganye mai duhu yana iya zama maɓoyar sauro da rana, don haka kada ki bari ya cunkushe. Za ki ji ana cewa tukunyar ɗaɗɗoya a ƙofar ɗaki tana korar sauro. Kada ki kafa hujja da wannan, gidan sauro ne maganin.

Mai gidan kuwa ku riga ta zuwa wajensa. Maigidanki ne zai je, ba ke ba, ya gaya masa ba za a fasa siminti ba, ba za a jingina komai da bango ba. Abin da masu gida ke tsoro ke nan, laima ta ci gindin katanga. Ki bar tazarar tafin hannu biyu tsakanin bokiti da bango, ki ɗora su a kan bulo yadda ruwan da ya tsiyaye zai bi makwarara ya fita, kada ya bi ta ƙofar wani. Kuma ki tsaya a gaban ɗakinki, kada lambu ya ci hanyar mutane ko wurin shanya. Kan rufin kwano kuwa kada ma a fara. Bokitin fenti cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai kilo 25 ko fiye.

Yanzu ga bokitan. Ki zazzage ƙasar ciki ki duba. Ƙasar bayan layi yawanci ta sha taku ta sha kwata, idan ta jiƙe ta zama taɓo, idan ta bushe ta zama dutse, saiwa ba ta numfashi a cikinta. Ki haɗa sabuwa: kashi biyu ƙasa mai laushi irin ta gona, kashi ɗaya taki da ya ruɓe, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa ko yashi. Ki jiƙa ki dunƙula a hannu ki buɗe. Idan ta tsaya a dunƙule amma kina taɓa ta da yatsa ta warware, ta yi. Idan ta manne miki a tafi, ƙara yashi. Takin akuyar Iya ba a zuba shi ɗanye. Ki tara a buhu, ki yayyafa ruwa, ki ɗaure baki ki ajiye a lungu kamar wata biyu, sai ya yi baƙi ya daina wari. Kafin nan ki sayi wanda ya riga ya ruɓe wajen masu sayar da fulawa a bakin titi. Kashin kaji ɗanye ƙone shuka yake. Ƙasar juji kuma, duk da baƙinta mai ban sha'awa, akwai fasasshen batir da kwalba da abin da ba ki sani ba, ba ta dace da ganyen da yara za su ci ba.

Ki sa ƙusa a wuta ki huda gindin kowane bokiti wuri shida ko takwas, da wasu a gefe kusa da ƙasa. Ki kankare sauran fentin ciki ki wanke tas. Ba bokiti kaɗai ba: jarkar man gyaɗa da aka raba biyu a kwance, tsohon baho da ya tsage, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk suna yi. Abin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki ne kawai ba a shuka abinci a ciki ko an wanke. Sannan ki zauna wuni ɗaya ki lura da inda rana ke faɗawa a gaban ɗakinki. Ganye yana wadatuwa da awa huɗu zuwa biyar, mai 'ya'ya irin kuɓewa da attaruhu yana son shida ko fiye. Ranar safe ta fi. Bangon da ke shan ranar la'asar shi ne mai ƙuna.

Da alayyahu za ki fara, don shi ne zai wanke ki a idon maigida da wuri. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu sheƙi, idan kika zuba su haka nan za su taru wuri ɗaya su shaƙe juna. Ki ɗebi abin da yatsu uku suka kama ki cakuɗa da rairayi cikin tafin hannu, ki yafa a kan ƙasar da kika riga kika jiƙa, ki barbaɗa ƙasa kaɗan a kai yadda za ta ɗan rufe su kawai. Ban-ruwan farko da gorar ruwa da aka huhhuda murfinta ake yi, ba da kofi ba, in ba haka ba irin zai bi ruwa ya taru a gefe. Cikin kwana uku zuwa biyar za ki ga tsiro. Idan ya yi yawa ki cire wasu, tsakaninsu ya zama kamar faɗin yatsu huɗu. Sati uku zuwa huɗu ya isa yanka. Kada ki tumɓuke kamar na kasuwa. Ki yanke sama ki bar gindi mai ganye uku ko huɗu, zai fitar da rassa ki sake yanka har sau biyu ko uku kafin ya yi kai. Dabarar ita ce kada ki shuka duka rana ɗaya. Baho ɗaya yau, na biyu bayan kwana goma, na uku bayan wasu goma, sai ya zama kullum akwai na yanka. Bayan kowane yanka ki ƙara taki cikin hannu ɗaya. Ki bar gindi ɗaya ya yi kai ya bushe, kin huta da sayen iri.

Yakuwa da rama 'yan damina ne, ba sa neman lallashi, ƙwaya uku a rami ki bar biyu. Lalo yana da taurin kai wajen fitowa: ki ƙulle irin a tsumma, ki tsoma a ruwan da ya tafasa aka sauke, ki ƙirga goma ki cire, ki shanya ya sha iska ki shuka. Lawashi ba sai kin sayi iri ba, albasar da ta fara tsiro a kwando ki binne gindinta, ki riƙa yankar ganyen. Na'ana'a ma daga ɗaurin kasuwa ake samunta. Ki zaɓi kara mai ƙwari, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa kina canja ruwan kullum, cikin sati za ki ga farar saiwa. Ki ba ta mazubinta ita kaɗai a wuri mai inuwa-inuwa, don mamaye maƙwabta take. Ɗaɗɗoya haka ake dasa ta da reshe, kuma idan kina tsinke kanta kafin ta yi fure sai ta yi ta yaɗo.

Zogale yana son zurfi, ki ba shi buhu a tsaye ko rabin duro, kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya yi ta tsawo har ya wuce katanga, ganye ya koma can sama, mai gida ya fara magana. Da ya kai ƙugunki ki datse kansa. Zai yi kamar ya mutu, sai ya fito da rassa ta ko'ina, ki riƙa samun na kwaɗo da na dambu kina tsaye. Idan kina son abu mai 'ya'ya a daminar nan, kuɓewa ce: tana son zafi, a jiƙa irin ya kwana, gindi ɗaya ko biyu a bokiti, cikin sati shida zuwa takwas ta fara, ana tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta yi tauri. Attaruhu gindi biyu ma ya fi tumatir huɗu amfani, don kaɗan ake sa wa miya kuma yana iya shekara yana bayarwa.

Ruwa shi ne abin da maigida ke ƙorafi a kai, kuma gidanku yana zubar da wanda ya ishi lambun nan kullum. Ki ajiye baho a inda kuke alwala. Ki haɗa da ruwan wankin shinkafa da na wanke kayan miya. Wanda bai dace ba shi ne mai omo ko bilic, mai gishiri, da mai maiƙo. Ki ba da ruwa da sassafe, a gindi ba a kan ganye ba, kuma kafin ki zuba ki tura yatsa cikin ƙasa; idan da laima har gaɓa ta biyu, bari sai gobe. Shukar gida da yawa yawan ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye. Idan bazara ta dawo ki naɗe bokitan da tsohon buhu ko kwali, ki rage yawansu zuwa abin da ruwan alwala zai iya ɗauka. Ranar da kika daina sayen jarka saboda shuka, rabin ba'ar ta ƙare. Sauran rabin kuma ki bar wa faten da za ki yi da yakuwar ƙofar ɗaki, kada ki ce komai sai ya tambaya.

Ƙwari za su zo. Ki riƙa juya ganye kina duba bayansa, nan suke ɓoyewa: ƙananan fararen ƙudaje da ke tashi idan an girgiza, da wasu masu manne wa sabon toho har ya nannaɗe. A lambu irin naki hannu ne magani na farko, ki tsince tsutsa, ki cire ganyen da ya kamu. Idan sun yi yawa ki tsinto 'ya'yan darbejiya busassu, ki ɓare ki daka ƙwayar, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace da tsumma, ki ɗiga ɗan ruwan sabulu, ki fesa da yamma har bayan ganye. Ki bar kwana biyu ko uku kafin ki yanka, ki wanke sosai don ɗaci. Abin da nake roƙonki da girman Allah shi ne kada fiya-fiya ya kusanci ganyen nan, ko wani ya ce miki ɗigo ɗaya ne. Guba ce mai kisa, ga yara a gida, ga ganyen da ake ci sati-sati.

Ban manta da fulawarki ba, kuma ba na cikin masu cewa abin da ba a ci ɓata wuri ne. Mace ta ga abin da ke faranta mata rai a ƙofar ɗakinta ba almubazzaranci ba ne. Ki nemi ƙaramar nan mai ganye sirara masu kauri, wadda ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, ja da ruwan hoda da ruwan ɗorawa. Reshe ake karya a soka a ƙasa, ba ta damu da zafi ba, kuma za ki iya rataye ta a gwangwani inda akuya ba ta kai. Lalle ma yana zama a babban bokiti, furensa da ƙamshi, ganyen kuma kin san aikinsa. Kuɓewar da na ce ki shuka ita kanta furenta abin kallo ne, ruwan ƙwai mai jan ciki. Biyu ne zan ce ki guje wa ko an ba ki kyauta: mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda da ake dasawa a tsakiyar manyan tituna, da mai ƙaton gindi gajere da fure ja-ja. Duka biyun suna da dafi, ga yaro ga dabba.

Idan har zuciyarki na kan tumatir, ki jira Oktoba. Ki zuba iri a ƙaramin mazubi, bayan sati uku zuwa huɗu ki dasa gindi ɗaya tak a kowane bokiti, cikin sabuwar ƙasa ba wadda tumatir ya taɓa zama ba, ki kafa masa sanda. Bokiti biyu sun isa, don marmari. Ƙananan nan masu kama da 'ya'yan kanya sun fi manya juriya. Tsakar gida ba ta samun iska sosai, saboda haka idan ya yi fure ki riƙa ɗan girgiza sandar da hantsi don garin ya zuba. Ban-ruwa ya zama daidai kullum, don idan yau ƙishi gobe ambaliya gindin 'ya'yan baƙi yake yi. Kuma ki sa ido kan tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016. Tana shiga tsakiyar ganye ta bar wani farin tabo kamar an kankare. Duk ganyen da kika ga haka ki cire ki ƙone, kada ki jefa a gindin shukar.

Yanzu dai damina ce a gabanki, kuma hatsarinta daban ne. Ki duba inda indararo da bakin kwano ke zubar da ruwa, ki janye bokitan daga nan, don ruwan dare ɗaya ya isa ya tone irin da kika yafa ya kwantar da tsiro. Sabuwar shuka ki rufa mata buhu a kan sanduna har ta yi ganye huɗu. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi ki leƙa bokitan. Wanda kika ga ruwa ya kwanta a samansa hudarsa ta toshe, ki zura ƙusa ki buɗe. A ƙarƙashin indararon kuma ki kafa roba mai murfi, ki bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano ya wuce, sannan ki tara. Allah ya sa albarka, ya kuma daidaita tsakaninki da Iya.